Babur a Ɗakin Dinatu

Asabar, 1 ga Oktoba 1966, da hantsi

Tari ya tashe ni tun kafin kiran salla, gwiwar hagu kuma ta kumbura. Kunu rabin ƙoƙo na iya sha. Kwana uku ke nan ban leƙa ƙofar gida ba, kuma ba ƙafar ce kaɗai ta hana ni ba.

Akwai babur a ɗakin Dinatu. Na rubuta a nan ne don ba ni da wanda zan gaya wa. Shekara shida da rasuwarta ban ajiye komai a ɗakin ba sai turminta da tsofaffin buhuna, yanzu ga baƙin ƙarfe a tsaye inda gadonta yake a da.

Na Fidelis ne, ɗan marigayi Ogochukwu mai shagon kwanuka. A nan Funtua aka haife shi, a zauren nan na koya masa karatu lokacin ina malamin sikeli a kasuwar auduga. Gyaran keken ɗinki yake yi ƙauye-ƙauye. Matarsa Bridget da yaran sun bi jirgin ƙasa tun watan Yuni, bayan rikicin farko da aka far wa mutanensu. Shi ya ƙi tafiya, ya ce ina za shi, a nan aka binne cibiyarsa.

Ran Alhamis da la'asar ya turo babur ɗin ta bayan gida, ta cikin dawa, a kashe. Rigarsa a yage daga kafaɗa. Ya ce hanya ba ta biyuwa a kan babur, zai bi gonaki a ƙafa, in an sami sarari ya dawo ya ɗauka. Ya juya bayan kalandata ya rubuta mini abu biyar da fensir: a tayar da shi duk bayan kwana uku, a rufe makunnin mai in an kashe, a kwance fulogi a goge in ya ƙi tashi, a shafa wa sarƙa mai, a duba iskar taya.

Na ce masa ni rabona da hawan ko da keke tun kafin yaƙin Bama.

Ya ce, "Baba, ranar da zan zo ba zan sami zaman gyara ba. Taki ɗaya nake so ya tashi."

Bai sha ruwan da na ɗebo masa ba.

Lahadi, 2 ga Oktoba, da safe

Ba a buga ƙararrawar coci ba. Na yi addu'ata a ɗaki.

Lahadi, da la'asar

Na yi niyyar in riƙa tayar da shi a daidai lokacin da injin niƙan bakin kasuwa ke aiki, ƙara ta haɗiye ƙara. Amma injin bai motsa ba tun Alhamis. Ban tambayi inda mai shi yake ba. Mata sun koma turmi, ina jin su ta kan danga a gidan Gwaggo Sabuwa, maƙwabciyata.

Litinin, 3 ga Oktoba, da azahar

Yau kwana huɗu, na riga na makara da kwana ɗaya. Na sa tabarau na zauna gabansa da kalandar, ina neman kowane abu da sunansa kamar sabon ɗan makaranta. Makunnin mai ɗan ƙaramin hannu ne a ƙarƙashin tanki. Fulogi yana sanye da hular roba. A cikin jakar bayan sirdi akwai sifana biyu da famfon iska da tsumma.

Na taka kik sau goma sha ɗaya. Ƙafata ba ta da nauyin da zai kai shi ƙasa. A na ƙarshen ya dawo ya buge ni a ƙwauri, na zauna a kan buhu har duhun idona ya washe. Dinatu da tana nan da ta ce tsoho ya sami abin wasa.

Talata, 4 ga Oktoba, da hantsi

Tun da ya ƙi tashi, na ce bari in yi wanda zan iya. Na shafe sarƙar da man gyaɗa, da gashin kaza, gaɓa-gaɓa. Ta yi ƙyalli. Na ji daɗi kaɗan, karo na farko a makon nan.

Laraba, 5 ga Oktoba, da safe

Kiyashi. Sarƙar ta koma ja, tana motsi, layinsu tun daga bakin ƙofa. Fidelis ya rubuta mai, ni kuma man da na sani a gida ke nan. Na wanke ta da kananzir ɗin fitila, wuni guda. Sai da na zazzage jakar na ga ɗan gwangwanin baƙin mai a naɗe cikin tsumma. Yana nan tun farko.

Alhamis, 6 ga Oktoba, da la'asar

Maitama ya zo gaishe ni, ɗan farin Gwaggo Sabuwa. Shi da Fidelis tabarma ɗaya suka zauna a zauren nan, allo ɗaya suka yi faɗa a kai. Ya durƙusa yadda ya saba, ya tambayi jiki. Akwai agogo a hannunsa, mai jan maɗauri. Na san agogon. Na sha ganinsa cike da farin gari a hannun mai injin niƙa, in yana karɓar kwano.

Ya ce ya ga sawun taya a bayan dangata. Na ce mai yiwuwa masu kai taki ne da amalanke. Ya ce amalanke ƙafa biyu gare ta, wannan ƙafa ɗaya ce. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Da ya tafi na ɗauki tsintsiya na share har bakin dawa. Kamata ya yi in share tun mako guda da ya wuce.

Jumma'a, 7 ga Oktoba

Ba zan iya rubutu ba yau.

Asabar, 8 ga Oktoba, da hantsi

Kaina kamar ana sara da gatari. Ƙirji ya fi ko yaushe.

Ga abin da ya faru jiya. Na jira maza suka tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Na rufe ƙofar ɗakin, na toshe taga da buhu, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙyaure, don kada ƙara ta fita. Na kifa turmin Dinatu a gefen babur, na hau, na ɗora ƙafa a kan kik na saki jikina gaba ɗaya. A karo na uku ya tashi. Ɗakin ya ɗauki rawa, ƙasa tana zubowa daga azara. Na tuna na yi dariya. Na tuna hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, na ce bari in ba shi minti biyar. Daga nan ban san komai ba.

Na farfaɗo a tsakar gida, rigata jiƙe, Gwaggo Sabuwa tana yi mini fifita da faifai. Ta ratso ta ɓarakar danga, ta ɓalle ƙyauren da kafaɗa, ta jawo ni ta ƙafa kamar buhun gero. Babur ɗin shi ya mutu don kansa.

Ta ce shekara talatin muna maƙwabtaka ba ta san ni da wauta ba sai jiya, ko akuya ba a rufe ta da hayaƙi. Ba ta tambayi na wane ne ba. Ta ga jakar kayan ɗinki a rataye a jikinsa, kuma keken ɗinkin surukarta Fidelis ne ya gyara bara.

Makunnin mai ya kwana a buɗe. Ɗakin yana warin fetur, akwai danshi a ƙasa.

Asabar, da la'asar

Ta kawo mini fura da tsamiya. Ta zauna bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Can ta ce, abin nan sau nawa ake yi masa haka. Na ce duk kwana uku.

Ta ce, "To ran Litinin muna da daka. Turmi uku. In ka ji mun shiga lugude, ka bar ƙofarka a buɗe."

Na ce yaronta fa. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce wancan da hantsi yana tasha, ba ya dawowa sai azahar. Ta kakkaɓe zaninta ta tafi.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da azahar

An buga ƙararrawa amma ban iya zuwa ba. Bayan an tashi Malam Ishaya, mai bishara na Ƙarfi, ya biyo. Ya ce mutum goma sha huɗu ne a coci, layin kujerun dama babu kowa. Bai zauna ba sai da ya leƙa waje sau biyu.

Ya ce Fidelis yana da rai. Yana bukkar gonar wani ɗan ikilisiya a wajen Ƙarfi, ƙafarsa ta yanke amma tana warkewa. Zai zo Jumma'a ta sama, 21 ga wata, lokacin da maza ke masallaci, ta cikin dawa yadda ya shigo. Ya ce a gaya mini man da ke cikin tanki shi zai kai shi inda za shi, babu inda zai iya tsayawa ya saya.

Ban gaya wa Malam Ishaya zancen makunnin ba.

Na sami sillen kara na tsoma a tanki. Ya jiƙe yatsa bakwai. Na yi masa tsaga da wuƙa. Ban san yatsa nawa Fidelis ya bari ba, ban kuma san nawa ke kai mutum inda za shi ba. Ni ma ba zan iya aika a sayo ba. Tsohon da ba shi da ko keke, me zai yi da fetur?

Litinin, 10 ga Oktoba, da hantsi

Sun fara tun rana na ɗagowa, Gwaggo da surukanta biyu da wasu matan maƙwabta. Taɓarya shida, suna jefawa sama suna tafi suna cafewa, har da waƙa. Rabon da in ji lugude irin wannan tun bikin Liatu, 'yata.

Na hau turmi, na saki jiki. Shiru. Sau takwas. Na duba kalanda, layi na uku. Na cire hular roba, na ɗora babbar sifanar, na juya ta ƙi. Na ƙara ƙarfi har na ji kamar zan karya wani abu, sai na gane ɗaurewa nake yi. Na juya ɗaya gefen, ta saki. Bakin fulogin baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Na goge da tsumma, na kankare da tsinken tsintsiya, na shanya shi a rana a kan murfin tukunya. Na mayar da hannu tukuna kafin sifana, don na lura haka ya fi shiga daidai.

Kafin in gama numfashina ya ƙare. Sai ga Gwaggo ta ɓarakar danga, gumi har gira, ta ce hannuwan yara sun fara mutuwa, me nake jira. Na nuna mata kik ɗin.

"Malam, kauce. Wannan ɗan abin ne ya kayar da kai?"

Ta tattare zani, ta dafa kafaɗata, ta taka sau ɗaya. Ya tashi. Ta yi baya tana salati, sannan ta rufe baki da gyale tana dariya. Na ƙirga ɗari biyu na kashe. Na rufe makunni. Na sake dubawa na rufe.

Talata, 11 ga Oktoba

Na rufe makunni. Na duba sau uku yau.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da azahar

Daka. Ya tashi a taki na huɗu, da ƙafata. Na gano in na fara danna kik a hankali har ya yi tauri, sannan na saki jiki, ya fi amsawa. Ba a rubuta wannan a kalanda ba.

Yatsa shida da rabi. Duk tashin da zai yi daga cikin tafiyar Fidelis yake ci. In ban tayar ba kuma ya yi sanyi, ranar ya ƙi. Na rage ƙirgen zuwa ɗari.

Asabar, 15 ga Oktoba, da la'asar

Tayar baya ta yi laushi. Famfo arba'in, ina hutawa duk bayan biyar. Jini kaɗan a cikin majina. Na shafa yawu a bakin da iska ke shiga, ya yi kumfa, na ƙara matse shi da ƙaramar sifana, kumfar ta tsaya.

Liatu ba ta rubuto ba. Mai yiwuwa wasiƙu ba sa tafiya.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da hantsi

Daka. Taki uku. Na yi wannan ran Lahadi maimakon zuwa coci, Ubangiji ya san dalili.

Litinin, 17 ga Oktoba, da magariba

Maitama ya zo, bai tsaya a zaure ba, ya shigo har tsakar gida. Ya ce gidansu gari ya cika kowace ƙwarya, har ana ba maƙwabta, amma tsohuwa ta ce a ci gaba da daka. Ya ce ko biki ake shiryawa ba a gaya masa ba. Na ce sai ya tambaye ta. Ya ce ya tambaya, ta ce tun da shi da abokansa sun hutar da injin niƙa, sai ya bar ta da turminta.

Yana juya agogon a hannunsa. Sannan ya shaƙi iska, ya dubi ɗakin Dinatu.

"Baba, kananzir ɗinka ya canja wari."

Na ce tsufa ne, komai nawa ya canja wari. Ya ce in akwai abin da ya yi mini nauyi a gidan nan, shi mai ɗauka ne. Na ce na gode, Allah ya yi albarka. Na tuna masa ranar da ya kasa rubuta sunansa, wani ya riƙe masa hannu. Bai ce ya tuna ba. Bai ce ya manta ba.

Talata, 18 ga Oktoba

Ban ci komai ba. Na kwance fulogi na goge, ko da yake ba ya bukata.

Laraba, 19 ga Oktoba, da hantsi

Dakan ƙarshe. Taki biyu. Yatsa shida ba kaɗan. Hannun surukar Gwaggo ya yi kanta har ya fashe, na gani da ta miƙo mini kunu ta kan danga.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da la'asar

Na shafa wa sarƙa baƙin mai. Iska ta cika. Na juya kansa ya fuskanci ƙofa, abin da ya ci mini kusan awa guda. Na cire kara uku daga dangar baya na mayar a jingine, yadda turi ɗaya zai buɗe. Gwaggo ta aiko da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai a ƙunshe, ta ce na mai tafiya ne, in akwai mai tafiya. Na ɗaure a bayan sirdi tare da tsohuwar hulata da babbar rigata mai ruwan ƙasa. Hausarsa ta fi tawa, rigar kawai yake bukata.

Jumma'a, 21 ga Oktoba, da safe

Ƙirji da sauƙi. Na yi aski.

Jumma'a, bayan an sauko daga masallaci

Maza sun wuce da tabarminsu, unguwa ta yi tsit. Na buɗe makunni na zauna a kan turmi, ina kallon dangar baya. Sai na ji tari a ƙofar gida. Na leƙa. Maitama ne a kan dakalina, shi kaɗai, bai tafi masallaci ba.

Na ce lafiya. Ya ce lafiya lau, iska yake sha. Na tsaya a bakin ƙofa. Bai dube ni ba, hanya yake kallo.

Ya ce, "Baba, duk unguwar nan an san ranakun daka. Ni na ce musu tsohuwa ce ta rikice. In mutumin ya zo, kada ya bi ta tasha. Ya bi hanyar shanu, ni zan tura masa har bayan gari."

Ban san ko gaskiya yake faɗa ba. Hannunsa babu agogo, sai farin zanen inda maɗaurin yake. Na ce ban san wanda yake nufi ba. Ya ce to. Bai tashi ba har aka sauko, mutane suka fara dawowa.

Jumma'a, da la'asar

Na fita ta dangar baya. Daga bakin dawa, in mutum ya tsuguna, yana hango dakalina sarai, da duk wanda ke zaune a kai. Ban taɓa lura ba sai yau. Akwai kara biyu a karye a wurin, ƙasar ta ɗan dannu. Awaki ma suna shiga nan.

Na daɗe a tsaye. Na kira sunan da nake kiransa yana yaro, a hankali, sau biyu.

Na dawo na hau turmi, babu daka, babu kowa. Na danna har ya yi tauri, na saki jiki. Taki ɗaya ya tashi. Na bar shi ya yi ƙara yadda za a ji har cikin dawa, na ƙirga hamsin. Na kashe. Na rufe makunni.

Asabar, 22 ga Oktoba, da safe

Tarin ya dawo. Na aika wa Malam Ishaya ta hannun masu zuwa kasuwar Malumfashi, ban san yaushe zai samu ba.

Gwaggo ta leƙo ta kan danga, ta ga ƙunshin ƙwan yana nan a bayan sirdi. Ta ce in ci kafin ya lalace, za ta dafa wani. Sannan ta tambaya ko ran Litinin akwai daka. Na ce akwai.

Yatsa biyar da rabi. Karan dangar suna nan a jingine.

Fidelis bai zo ba.